Me ke riƙe mai karatu a dogayen labaran sadaukai, alhali ya san inda za a kwana?

Mai Bibiyar Adabi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu karanta dogayen ƙagaggun labarai na sadaukai ce, wato waɗanda marubuci kan ƙirƙiro musu wata duniya mai sarakunanta da taswirarta da matsafanta da dodanninta, sannan ya ɗora wa jarumi guda, ko wasu 'yan tsirarun mutane, nauyin ceton al'umma baki ɗaya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kusan duk wanda ya buɗe irin wannan littafi ya san ƙarshensa tun bai yi nisa ba: azzalumin sarki zai faɗi, takobin da aka daɗe ana labarinsa zai isa hannun mai shi, yaron da kowa ya raina kuma zai wayi gari ana yi masa kirari. Duk da haka za ka ga magidanci mai iyali da ɗawainiya ya raba dare a kan littafi mai shafi kusan dubu, yana ajiye shi ya shiga neman na biyu. Jerin littattafan Robert Jordan ya fara fitowa a 1990, marubucin ya rasu a 2007 bai kammala ba, amma masu karatu ba su watse ba har sai da Brandon Sanderson ya rufe labarin da littafi na 14 a 2013.

Akwai masu cewa wannan duk gudun gaskiya ne, mutum ya kasa fuskantar rayuwarsa sai ya fake a cikin almara. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan bayani ba, amma ba ni da hujjar da zan mayar musu. Shin jarumin ne ke riƙe mu, ko duniyar da aka gina masa? Kuma shin akwai wani abin ƙaruwa a ciki da ya wuce nishaɗi?

Tsohon Malamin Makaranta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta yi ma'ana, kuma a ganina amsarta tana cikin tsofaffin waƙoƙin mazan jiya, domin daga can waɗannan littattafai suka samo tushe. Idan ka duba su da kyau za ka tarar ƙarfin jarumi ba shi ne abin da mutane suka riƙe ba. Abin da suka riƙe shi ne wurin da ƙarfin ya gaza.

Ɗauki Gilgamesh, sarkin Uruk, wanda aka tono labarinsa a rubuce kan allunan yumɓu a kufan birnin Ninawa a ƙarni na 19. Ya kashe dodon da ke gadin daji, ya kashe bijimin sama, ba wanda ya iya tarar gabansa. Amma da amininsa Enkidu ya mutu, sai ya ƙi yarda a binne shi, ya zauna da gawar kwana shida da dare bakwai, har sai da tsutsa ta faɗo daga hancinta. Daga nan ya bazama neman maganin mutuwa, ya samo wani tsiro a ƙarƙashin teku, yana wanka a hanya maciji ya ɗauke shi, ya koma gida hannu rabbana. Wannan labari ya haura shekara 3,000, kuma ba don kisan dodo ake ta maimaita shi ba.

Haka Rustam a cikin Shahnama, wadda Firdausi ya kammala a 1010 da baiti kusan 50,000. Babu sadaukin da ya kai shi a ƙasar Farisa. Ya gamu da wani matashin barde a fagen daga, suka yi ta gumurzu, a ƙarshe ya kayar da shi ya soke shi da wuƙa, sai yaron yana numfashin ƙarshe ya ce mahaifinsa Rustam zai ɗaukar masa fansa. Da ya buɗe sulken yaron sai ya ga alamar da shi da kansa ya bar wa mahaifiyar yaron a ɗaure a damtsensa. Suhrab ɗansa ne na cikinsa. Ya aika wa sarki Kaikawus roƙon maganin da zai ceci yaron, sarkin da ya yi wa bauta tsawon rayuwarsa kuma ya hana. Duk wanda ya karanta wannan wuri ba ya sake kallon jarumtaka kamar da.

Shi kuwa Sunjata Keita na Mali, wanda ya ci Sumanguru da yaƙi a Kirina wajen 1235, marokan tarihi sun fi daɗewa a kan yarintarsa, lokacin da yake rarrafe sa'o'insa na gudu, kishiyar uwarsa na yi wa uwar gori a kan ganyen kuka. Ranar da ya miƙe, sandar ƙarfen da ya dogara da ita ta lanƙwashe, kuma ya tumɓuko bishiyar kukar ɗungurungum ya dire ta a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Mai sauraro ya san zai zama sarki tun kafin a fara. Yana sauraro ne don ya ji yadda aka share wa wannan uwa hawaye.

Saboda haka sanin ƙarshen labari ba ya rage komai. Mai karatu yana bin sawun jarumi ne don ya ga abin da nasarar za ta ci masa, da wanda zai rasa a hanya, da irin mutumin da zai zama idan ƙura ta lafa. Marubucin da ya fahimci haka littafinsa kan rayu, wanda kuma ya ɗauka yawan gawawwaki ne jarumtaka, ana gama karanta shi ake mantawa da shi.

Ɗalibar Harsuna ta amsa:

Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina neman izini in ƙara wani ɓangare da nake ganin shi ne ya bambanta littafin zamani da waƙar da. Mawaƙin da yana magana ne da mutanen da suka riga suka san ƙasar da sarakunan da ake ambata. Marubucin yau kuwa dole ya gina ƙasar tun daga tushe, kuma jin daɗin shiga wannan ƙasa wani abu ne mai zaman kansa.

Tolkien shi ne babban misali. Ya kasance farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford, kuma harsunan da ya ƙirƙira sun riga labarin zuwa, daga baya ne ya nema musu mutanen da za su yi magana da su da tarihin da zai raba su. Shi ya sa a cikin The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, matafiya kan wuce ta gefen wani rusasshen gini, wani ya ambaci sunan sarkin da ya gina shi a taƙaice, a ci gaba da tafiya ba tare da an yi bayani ba. Mai karatu sai ya ji a jikinsa cewa ƙasar ta girme labarin, kuma akwai abubuwa da yawa a bayan dutsen da ba a kai shi ba. Wannan zurfin shi ke sa mutum ya koma wa littafi karo na biyu da na uku.

Game da zargin gudun gaskiya, Tolkien ya taɓa shi a wata lacca da ya gabatar a 1939, inda ya bambanta fursunan da ya tsere daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen fama. Mutumin da ya faɗi haka ya halarci yaƙin Somme a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yaƙin ya cinye masa aminai na kusa, don haka ba za a ce bai san gaskiyar duniya ba. A lura kuma da yadda ya rufe labarinsa. Wanda aka ɗora wa nauyin ƙona zoben tsafin da labarin ya ginu a kansa, a cikin wutar wani dutse, ba barde ba ne, ɗan ƙaramin taliki ne marar ƙarfi, kuma da ya isa bakin wutar sai ya kasa, ya ce zoben nasa ne. Abin da ya ceci duniya shi ne tausayin da aka nuna tun da farko ga wani wulaƙantaccen halitta da ya cancanci kisa aka ƙyale shi. Wannan ya dace da maganar Baba Malam ƙwarai.

Mu ma adabinmu bai rasa wannan salo ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu ta 1933, ya fara ne da yaƙin Turawa na zahiri, sannan ya zarce da jarumin da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasashen aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa asalinsa labarin wani sadaukin Rasha ne, Iliya Muromets, wanda shi ma ya daɗe a gurgunce kafin ya miƙe, amma ya zauna daram a bakin Bahaushe har yara da yawa suka tashi ba su san baƙo ba ne.

Mai Duban Tsanaki ya amsa:

Ina tare da ku a kan manyan littattafan, amma bai kamata mu yi wa salon gaba ɗaya shaidar da 'yan kaɗan suka cancanta ba. Da yawa daga cikin abin da ake bugawa maimaici ne: annabcin da aka yi tun kafin a haifi yaro, tsohon matsafi mai ba da shawara, tafiya mai nisa, sannan yaƙin ƙarshe. Tun da Joseph Campbell ya fitar da nazarinsa a kan tafiyar jarumi a 1949, wasu marubuta suka mayar da shi tamkar ma'aunin tela, kowane labari a yanka shi a kai. Akwai kuma jan labari don a sayar da littafi na bakwai da na takwas, alhali abin faɗa ya ƙare tun a na uku.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Sau da yawa jarumi yana cancantar mulki ne saboda jinin sarauta da ke jikinsa, talakawa kuma ba su da aiki sai mutuwa a bayansa. Abokan gaba kuwa akan mayar da su wata al'umma guda wadda duk mugaye ne tun daga haihuwa, ta yadda kashe su ba ya bukatar tunani. Matashin da ya sha irin wannan da yawa yana iya fitowa da tunanin cewa matsalar jama'a gwarzo ɗaya ke warware ta da takobi. Ursula Le Guin ta nuna ana iya kauce wa wannan tun a 1968, da labarin wani matashin matsafi wanda girman kai ya sa ya saki wata inuwa a duniya, ya yi ta gudunta, daga baya ya juya ya bi ta, har ya gane ba zai rinjaye ta ba sai ya kira ta da sunansa na kansa. Babu runduna, babu kisan kiyashi, kuma labarin bai rasa armashi ba.

Tsohon Malamin Makaranta ya sake amsawa:

Malam Mai Duban Tsanaki, sukarka tana kan hanya, musamman batun mayar da al'umma guda mugaye, kuma ya dace iyaye da malamai su riƙa tattauna wannan da yaran da ke karatu. Inda na saɓa maka shi ne batun gwarzo ɗaya, domin a littattafan ƙwarai aikin gwarzo shi ne ya tayar da sauran mutane tsaye. David Gemmell ya rubuta daftarin farko na littafinsa Legend a 1976, lokacin da yake jiran sakamakon gwajin cutar daji, littafin kuma ya fito a 1984. Labarin wata ganuwa ce mai katanga shida da rundunar da ba ta ƙirguwa ta kewaye, kuma marubucin ya ƙudurta cewa idan sakamakon ya zo da mugun labari ganuwar za ta faɗi. Jarumin, Druss, tsoho ne mai ciwon gwiwa da kumburin gaɓoɓi, wanda ya san ba zai fita da rai ba. Da dare ana shafa masa magani a ɓoye don kada mayaƙa su ga yadda jikinsa ya lalace, da safe ya ɗauki gatarinsa ya hau katanga. Manoman da aka tara ba su iya yaƙi ba, amma ganin tsohon a tsaye ya hana su gudu, kuma ya mutu tun kafin a kai ƙarshen yaƙin, su suka ci gaba da riƙe katangar. A tsohuwar waƙar Beowulf ma, bayan shekara 50 a kan mulki, sarki Beowulf ya fita wa dodo mai aman wuta, mutanensa suka tsere daji, saurayi ɗaya mai suna Wiglaf ne ya dawo ya tsaya tare da shi, kuma da taimakonsa aka kashe dodon.

Mai Bibiyar Adabi ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Zan fara da na Gemmell, tunda ana iya karanta shi shi kaɗai ba sai an bi dogon jeri ba. Malama Ɗalibar Harsuna, ina da ƙarin tambaya gare ki: ga wanda bai taɓa karanta Tolkien ba, shin ya fi kyau ya fara da The Hobbit na 1937, ko kuwa salonsa na yara zai iya sa babba ya yanke hukunci tun bai kai ga babban littafin ba?