Sau nawa ya kamata a yi wa kare wanka, kuma yaya ake yi da wanda ya ƙi ruwa?

Manomin shinkafa, Argungu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin dabbobi a kan wani kare da nake kiwo domin gadin gona da garken awaki a bayan garin Argungu. Kare ne irin namu na gida, mai gajeren gashi, shekararsa ɗaya da 'yan watanni, kuma tun yana kwikwiyo yake hannuna. Da damina ta kankama bana sai na ga kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsun ƙafa, ga kuma wari duk lokacin da ya dawo daga fadama, don haka na ɗora wa babban yarona aikin yi masa wanka kowace Asabar da sabulun soda da ruwan rijiya.

Tun daga ranar farko da kokawa aka yi: mutum biyu su danne shi, na uku ya kwara masa bokiti tun daga ka. Yau wata biyu ke nan, kuma abin ya kai da zarar ya ji ƙarar bokiti a bakin rijiya sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya manne da ƙasa, jikinsa na ɓari. Makon jiya da yaron ya miƙa hannu zai jawo shi, sai ya yi gurnani ya kai masa cizo, Allah ya tsare bai same shi ba. Kaskar ba ta ragu ba, ga shi fatarsa ta fara zubar da wani farin abu kamar dusa, yini yake yana susa.

Tambayata ita ce, sau nawa ya kamata a riƙa yi masa wanka, kuma ta yaya zan shawo kansa? Wani maƙwabcina ya ce tsoron ruwa alamar hauka ce, wai in rabu da shi tun bai yi ɓarna ba, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Shi kuma yaron yana damuwa da ruwan da karen ke kaɗawa ya fantsamar masa a tufafi, saboda salla.

Tsohon mafarauci, Yawuri

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi shekaru masu yawa ina fita daji da karnuka, kuma ban taɓa yi wa ko ɗaya daga cikinsu wanka duk mako ba. Lafiyayyen kare mai gajeren gashi yana gyara jikinsa da kansa, ya yi birgima a yashi, ya kaɗe, ya shiga ruwa idan ya ga dama. Namu idan muka sauka bakin kogi da rana su da kansu suke faɗawa ruwa, domin babu wanda ya taɓa danne su a cikinsa. Naka ba ruwan yake tsoro ba, hannun da ke danne shi yake tsoro, kuma kare ba ya manta wurin da aka wahalar da shi.

Shawarata ita ce ku dakatar da wankan gaba ɗaya na ɗan lokaci, kuma kada a sake jawo shi daga ƙarƙashin rumbu, domin dabbar da aka ritsa a lungu ba ta da abin kare kai sai haƙori. Wanda ke ba shi abinci shi ne zai riƙa taɓa shi, kullum ya shafa masa wuya da ƙirji, ya ɗaga kunne ya duba, ya riƙe ƙafa ya sake. Idan ya saki jiki, ka tafi da shi bakin ruwa ka shiga kai da kanka har gwiwa, ka kira shi, kada ka ja igiya. Abu ɗaya da zan gargaɗe ka a kai shi ne baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare wai don kaska ko ƙazuwa. Na ga karen wani abokin farautata da aka shafa wa shi, ya lashe, kwana uku yana amai bai tashi ba.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, Birnin Kebbi

Malam, bari in fara da maganar maƙwabcinka, domin ita ce mai nauyi. Tsoron ruwa da ake danganta shi da ciwon haukan kare a jikin mutum yake bayyana, lokacin da maƙogwaro ya riƙa shaƙewa idan mai ciwon ya yi yunƙurin haɗiyar ruwa. Alamun ciwon a jikin kare daban ne: sauyin hali farat ɗaya, dalalar miyau, cizon duk abin da ya tarar har itace da dutse, sauyin muryar haushi, sakin muƙamuƙi, sannan shanyewar ƙafafu, kuma da wuya ya wuce kwana 10 a raye bayan alamun sun bayyana. Karen da ya yi wata biyu yana gudun bokiti, amma yana cin abincinsa, yana shan ruwa, yana bin awaki kiwo, ba wannan ciwon ke damunsa ba. Duk da haka ba ka faɗi ko an yi masa allurar rigakafi ba. Ana fara yin ta ne idan kwikwiyo ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ana samun ta a asibitocin dabbobi; cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Idan kuwa wata rana haƙori ya taɓa yaron, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.

Game da yawan wanka, Baba mafarauci ya faɗi gaskiya. Kare irin naka, idan lafiyarsa ƙalau, wanka da sabulu sau ɗaya a wata ya ishe shi, kuma ko an kai mako 6 ko 8 babu laifi, sai fa idan ya yi birgima a mushe ko kashin dabbobi, ko kuma likita ya rubuta wankan magani saboda ciwon fata. Dalili shi ne fatar kare tana fitar da wani maiƙo da ke lulluɓe gashi yana tsare ta daga bushewa da ƙwayoyin cuta, kuma ta fi ta mutum rashin kauri. Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH (awon tsami) wajen 5.5, ta kare kuwa ta fi kusa da 7, wato ba ta kai tamu tsami ba, shi ya sa ko sabulun wankanmu ba ya dacewa da ita, balle sabulun soda da aka yi domin cire dauɗar tufafi. Dusar nan da kake gani da yawan susa, mai yiwuwa ne sabulun ya wanke maiƙon ne duk mako bai bar fatar ta farfaɗo ba. Ka nemi sabulun ruwa na karnuka a kantin magungunan dabbobi, kuma idan bayan mako uku da daina sodar susar ba ta lafa ba, ko gashi ya fara zubewa a gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba, to a kawo shi a kankari fatar a duba, domin ƙazuwa ma haka take farawa.

Sai a lura da lokaci kuma. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a rage wankan sosai, idan ya zama dole a yi shi da tsakar rana da ruwa mai ɗumi, a goge shi da tsumma har ya bushe. Da bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, babu laifi a jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa zalla ko da kullum ne, domin kare ba ya yin gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Sabulun ne ake taƙaitawa. A tsakanin wanka da wanka, buroshi ko busasshen soso sau biyu a mako yana fitar da ƙura da mataccen gashi, kuma yana rage wari fiye da yadda mutane ke zato.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba: kogi mai gudana irin na Yawuri daban yake da ruwan da ke kwance a fadamar shinkafa, wanda taki da maganin feshin ciyawa ke gangarawa cikinsa. Kada a kai shi irin wannan ruwan, kuma ina kyautata zaton daga can warin yake fitowa.

Yadda za a dawo da shi kuwa, sai an yi haƙuri an bi mataki-mataki. A canja wurin gaba ɗaya, a bar bakin rijiya, a canja bokitin ma da roba marar ƙara. Kwana uku na farko a ajiye robar babu ruwa kusa da inda yake cin abinci, kada a yi masa komai. Bayan haka a zuba ruwa kaɗan, a jiƙa tsumma a goge masa ƙafa ɗaya, a ba shi 'yar tsokar dafaffen nama, a ƙyale shi ya tafi. Washegari ƙafa biyu, jibi har ƙirji. Duk ranar da ya sandare, ko ya mayar da kunnuwa baya, ko ya riƙa lasar leɓe yana kau da kai, an yi sauri ke nan, a koma matakin jiya. Kada ladan ya zama kilishi ko abincin da aka sa wa albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Ranar wankan sosai a shimfiɗa buhu a ƙasa don kada ƙafarsa ta zame, a ɗaure shi da gajeriyar igiya ba tare da shaƙewa ba, a bar ruwan ya sha rana ya yi ɗumi, a riƙa zubawa da kofi daga ƙafafu zuwa baya zuwa wuya. Kai da fuska tsumma kawai za a sa musu, domin ruwan da ya shiga kunne yana jawo ciwon kunne, kuma kwara masa ruwa a ka shi ne abin da ya fi firgita shi tun farko. A ɗauraye sabulun tas, kada aikin duka ya wuce minti 10. Tunda ya taɓa kai cizo, a saba masa da takunkumi tun kafin ranar, kuma babba ne zai yi aikin.

Ita kaska wanka ba ya maganinta. Irin wadda ke kama karnuka tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin rumbu, macen tana zuba ƙwai dubbai, don haka ko ka wanke shi da safe, da yamma wasu za su hau. A cire na jikinsa da matsefata, a kama dab da fata a ja a hankali, a share makwancinsa a ƙone sharar, a liƙe tsagogin bango. Akwai magunguna irin su amitraz da ake tsarmawa da ruwa, amma guba ne idan aka wuce ƙima, sai da awon likita da safar hannu. Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa kada su kusanci jikinsa ko kaɗan.

Ɗalibin ilimi, Jega

Game da damuwar yaron, a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, haka ma guminsa da yawunsa, kuma malaman mazhabar sun ɗauki umarnin wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7 a matsayin ibada ce da aka umarce mu da ita. Saboda haka ruwan da ya kaɗa ya taɓa riga bai hana salla da ita, sai dai idan akwai fitsari ko kashi ko mushe a jikinsa, domin waɗannan najasa ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasarsa, don haka wanda ya ware tsohuwar riga domin wannan aikin ya fita daga saɓani. Kiwon kare don gadin gona da dabbobi kuwa yana cikin abin da hadisi ya yi izini da shi. Allah ne mafi sani.

Manomin shinkafa, Argungu

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Malam, Allah ya saka da alheri. Na dakata da ba da amsa ne har in gwada abin da kuka faɗa. Allurar ba a taɓa yi masa ba, wannan sakacina ne, amma na kai shi an yi masa ranar Litinin da ta wuce, aka kuma ba ni maganin kaska da awonsa. Da muka share ƙarƙashin rumbun, abin da muka gani a tsagar ginin ya tabbatar da maganar Hajiya, domin kaska ce jere kamar an zuba ridi.

Yau kwana 16 rabonsa da sabulu, kuma susar ta ragu sosai, ko da yake dusar ba ta gama ɗaukewa ba. Na karɓi aikin daga hannun yaron, na koma gindin mangwaro da robar wanki da tsumma. Kwana biyar bai yarda ya matso ba, sai dai ya tsaya daga nesa yana kallon naman. Jiya ya bari na goge masa ƙafafun gaba biyu da ƙirji, da na kai tsumman wuya sai ya mayar da kunnuwa baya, ni kuma na tsaya a nan na sake shi. Abin da ya rage ban gane ba shi ne takunkumin, domin da ya gan shi a hannuna sai ya ja da baya. Hajiya, shi ma a ajiye shi kusa da abincin ne kamar yadda aka yi da robar, ko akwai wata dabara dabam?