Zan ci gaba da ba da zakka ne ko in fara biyan bashi?

Salama ƴan'uwa cikin Almasihu, don Allah ina neman shawara, abin nan ya tsaya min a rai. Tun da aiki ya tsaya min ɗan abin da ke shigowa ba ya kai mu ƙarshen wata, ga bashi ga kuɗin makarantar yara, kuma ban saba in je sujada hannu wofi ba, in aka zo baiko sai in ji zuciyata ta yi nauyi har addu'a ma ta gagara.

Na karanta Malakai 3:10 da labarin gwauruwar nan a Markus 12 da ta zuba duk abin da take da shi, Yesu kuma ya yaba mata. Amma 2 Korantiyawa 8:12 ta ce Allah na karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi ne, 1 Timoti 5:8 kuma ta tsawata wa wanda bai kula da iyalinsa ba. To ya zan haɗa su? Na yi magana da fasto ya ce in dogara ga Ubangiji, na yarda, amma mai bashi fa yana jira, shi ma haƙƙinsa ne.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi har kuka samu salama? Ku sa ni a addu'a kuma.