Jini ko bashi? Musayar baitoci kan shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya

Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amon yau "ya" ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Ku taya ni nemo bakin gaskiya.

A 1823 Shugaban Amurka Monroe ya ce wa Turai,
Ba ma shiga naku, ku bar mana nahiya.

A 1914 wuta ta kama Turai,
Shugaba Wilson ya ce ba ya bayan ko ɗaya.

Kirarin zaɓensa na 1916,
Shi ne ya raba su da yaƙi, kowa ya jiya.

Wata biyar da zaɓe, ran 6 ga Afrilu,
Ya shiga fagen. Me ya sauya masa hanya?

'Yar Damagaram:
Malam, ga tawa, da ƙwar huɗu na zo.

Malam, Jamus ce ta jawo,
Jiragenta na ƙarƙashin ruwa na yawo,
Lusitaniya, jirgin fasinja, daga New York ta taho,
Suka harbe ta ba gargaɗi, ba kariya.

Mayun 1915, kusa da gaɓar Ayalan,
Rai 1,198 ruwa ya ci nan,
128 Amurkawa ne cikin waɗannan,
Har da jarirai. Wa zai danne zuciya?

Sai ga wayar Zimmermann, ministan wajen Jamus, zuwa Meziko,
Ingila ta tare ta, ta warware saƙo:
Texas da Arizona da New Mexico,
Su ne ladan Meziko in ta soki Amurka ta baya.

Ɗan Kantin Kwari:
Hajiya, a yi mini haƙuri, ban gamsu ba.

Jinin da ya zuba ban musa shi ba, Hajiya,
Allah ya sani, ya taɓa ni har zuciya.

Amma kusan shekara biyu bayan jirgin,
Wasiƙu Wilson ke aikawa, ba soja ko ɗaya.

Ni ɗan kasuwa ne, na san mai bin bashi,
Ba ya bari wanda yake bi ya faɗa rijiya.

Bankin Morgan na Amurka ya haɗa wa Ingila da Faransa
Dala miliyan 500 a 1915, tashi ɗaya.

Kafin 1917 rancen ya haura biliyan 2,
Alkama, auduga, harsashi, ana ta lodin kaya.

Ingila ma ta tare teku, yunwa ta kama Jamus,
Wilson ya yi ƙorafi, ƙasa-ƙasa da murya.

To in Jamus ta ci Landan da Faris,
Ki faɗa mini, Hajiya, wa zai biya?

Kuma wa ya ce da can Amurka tana zaune gida?
A 1898 ta karɓe Filifin hannun Sifaniya.

Ta haɗiye Hawai, ta haƙa mashigin Fanama,
A 1915 sojanta sun sauka Haiti da kaya.

'Yar Damagaram:
Alhaji, ka tsallake wata guda.

Ran 1 ga Fabrairun 1917 Jamus ta ɗaga murya,
Duk jirgin da ta gani za ta harba, ba tambaya,
A Maris na Amurka suka nutse a hanya,
Shugaban da ya yi shiru nan ya sha kunya.

Dattawa 82 suka yarda da yaƙi, 6 suka ƙiya,
Jeannette Rankin, mace ɗaya tilo a wakilai,
Ta ce a'a, kuma ina ganin girmanta har yau,
Ko da na saɓa mata a wannan tafiya.

Jikan Garwa:
Iyayena, ku ba yaro wuri. Mu yaƙin har ƙofar gida ya same mu.

Kafin Amurka ta ɗaura ɗamara,
Kakanninmu sun sha hayaƙin igwa da wuya.

Garwa ta Kamarun Jamus ta faɗi a Yunin 1915,
A hannun sojan Faransa da na Najeriya.

Dutsen Mora ya riƙe har Fabrairun 1916,
Jamus ta bar Kamaru gaba ɗaya.

Amurka ta kai soja miliyan 2 Faransa,
Sama da 116,000 nata ba su ga gida da rai ba, an sha wuya.

Wilson ya zo da sharuɗɗa 14 a 1918,
Aka ce kowace al'umma za ta zaɓi hanya.

A taron Faris aka yanka Kamaru biyu,
Babban kaso Faransa, ƙarami Birtaniya.

Ƙungiyar Ƙasashe ta kira shi riƙon amana,
Iyaka ta ratsa Adamawa, ta raba zuriya.

Ƙungiyar nan Wilson ne ya yi mata fafutuka,
Majalisar Dattawansa ta ƙi shiga, ta juya baya.