Yaya kuka shawo kan tsohon soja ya ga likita?

Ɗiyar tsohon saje, Kaduna:
Assalamu alaikum. Babanmu ya je Laberiya da dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, a 1990, daga baya aka tura su Saliyo. Yanzu ya haura sittin, ga hawan jini, ƙafarsa ta hagu ta kumbura, barci kuma sai gab da asuba. Duk wanda ya ce, "Baba, mu je asibiti," amsar ɗaya ce: "Harsashi bai kashe ni a Monrobiya ba, sai ciwon kai?" Katin inshorarsa yana ƙasan akwati tare da lambobin yabonsa. Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya gaya mana yadda ya yi.

Tsohon kofur, Kano:
'Yata, kada ki ɗauka taurin kai ne kawai. Tun muna kurata, wanda ya ce ba shi da lafiya ranar fareti, raggo ne sunansa har a gama horo. Mutum ya shekara 35 a haka, ran da ya tuɓe kaki halin ba ya fita tare da rigar. Ni sai da na yanke jiki na faɗi a sahun Azahar aka gano suga ce. Na fi shekara ina ƙishirwa da yawan fitsari, ban gaya wa ko mai ɗakina ba.

Matar soja, Maiduguri:
Maigidana ya yi Lafiya Dole, rundunar yaƙi da Boko Haram, tun farkonta a 2015. Da ya dawo ba rauni a jikinsa, amma ba shi ne mutumin da ya tafi ba. Ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. Cikin dare ya zabura jiƙe da gumi yana kiran sunan wanda muka riga muka je ta'aziyyarsa. Ranar Sallah tayar wata mota ta fashe a layinmu, ya kwanta ƙasa a gaban yara, ya kwana biyu bai iya haɗa ido da su ba.

Surukata ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, ban hana ba, addu'a ai ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma da na ambaci likita sai ya ce, "So kike a rubuta a fayil ɗina, a karɓe bindigata, ƙarin girma ya wuce ni, a bariki a ce na taɓu?" Daga nan na fara tsintar kwalin tiramol a aljihunsa.

Kukana bai kai shi asibiti ba. Abokinsa ne, wanda suka kwana rami ɗaya a daji, ya zo da mota wata Talata ya ce, "Taso ka raka ni, yau nake ganin likitana." Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan garin suka je. Ashe abokin ya daɗe yana zuwa a ɓoye. Yanzu maigida yana samun barci, ko da ba kullum ba.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
'Yar'uwa ta Kaduna, ƙafa ɗaya da ta kumbura ba abin jira ba ce, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. A kai shi yau ko gobe. Tsofaffin sojojin da na yi jinya, da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ake kawo su.

Ƙanin soja, Damagaram:
Mu ma a Nijar haka take. Yayana yana garin Bosso lokacin harin Boko Haram na 2016. Har yau bai ce uffan a kan ranar ba, mu ma ba mu san ta inda za mu taɓo masa ba.

Ɗiyar tsohon saje, Kaduna:
Na gode muku. Akwai wani samanja da suka yi Laberiya tare, shi kaɗai Baba ke miƙewa tsaye ya gaisar. Na kira ɗansa, ya ce gobe da safe za su zo da mota.