Me za mu kira "hiking" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu aikin fassara, ku zo mu daidaita kan kalmar hiking. Abin da take nufi: doguwar tafiya a ƙafa cikin daji ko kan tsauni, wadda mutum ya ɗora wa kansa don motsa jini da kallon ƙasa. Ni dai shawarata ita ce "tattakin tsauni". Ga hujjata.

2/ Mu ɗauki labari na gaske mu gwada ta a ciki. Tsaunin Snowdon, wanda 'yan yankin Wales na Birtaniya ke kira Yr Wyddfa, shi ne mafi tsawo a yankin, mita 1,085. A watan Fabrairu an saba ganin dusar ƙanƙara ta lulluɓe kansa, jirgin ƙasan da ke kai masu yawon buɗe ido sama tun 1896 ma hutu yake yi. Amma hunturun 2019 ya zo da sauƙi ƙwarai. Ranar 26 ga Fabrairu zafi ya kai digiri 20.8 a garin Porthmadog da ke kusa da tsaunin, abin da ba a taɓa gani ba a Wales a wannan wata. Idan rana ta fito haka, jama'a sai su ɗauki jaka da gorar ruwa su kama hanyar da ta tashi daga ƙauyen Llanberis, kusan kilomita 14 zuwa da dawowa. To, me suke yi kenan?

3/ Wasu za su ce "hawan dutse". Ban ƙi ba, amma a kunnen Bahaushe hawan dutse gajere ne, kamar hawan Dala a Kano ko Kufena a Zariya. Kuma muna buƙatar kalmar "hawa" ga masu manne wa bangon dutse da igiya da ƙugiya. Wanda ya bi ta Llanberis ba ya kama komai da hannu, ƙafa ce kawai ke aiki na sa'o'i biyar ko shida.

4/ "Yawon shan iska" kuwa ya yi laushi, kuma a nan ne na fi damuwa. Sauƙin hunturu a gindin tsauni bai kai sama ba. Duk hawan mita dubu, zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska mai kaɗawa. Mutum ya bar Llanberis da riga ɗaya yana gumi, ya wuce tashar Clogwyn inda hanya ke bi ta ƙarƙashin layin dogo, sai ya tarar dusar da ta narke da rana ta daskare da dare, santsi gefen gangara mai zurfi. An rasa rayuka a wannan wuri. Mai karatu ya ga "shan iska", zai zaci silifas ma ya isa.

5/ Shi ya sa "tattaki" ya fi kwanta mini. Kalmar tamu ce, tana ɗauke da nisa, da niyya, da gajiya. Kowa ya tuna yadda jaridu suka yi ta amfani da ita a 2015 kan mutumin da ya taka daga Legas zuwa Abuja. Sai mu jingina ta ga wurin: tattakin tsauni, tattakin daji. Mai yi shi ne ɗan tattaki, jam'i 'yan tattaki.

6/ Hanyar da ake bi kuma ba sai mun ƙirƙiro ba, "turba" na nan, siririyar hanyar da ƙafa ta shata. Jimlar sai ta fito haka: "Sauƙin hunturu ya sa 'yan tattaki sun cika turbar Llanberis." Malaman Hausa, da 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, idan a wajenku tattaki na ɗauke da wata ma'ana da za ta ci karo da wannan, ku faɗa mana.