Kujerar Injamena: Uba Ya Faɗi, Ɗa Ya Hau

Ɗan Kanem:
Salamu alaikum. Ga baitocina kan Chadi, mai amsa ya amsa.

Tun 1990 Idris Deby ke riƙe da mulki,
Ya kori Habre daga Injamena, ya haye doki.
Afrilun 2021 ya faɗi a fagen yaƙi,
Doka ta ce kakakin majalisa ya karɓi aiki,
Janar-janar suka rushe ta, kowa ya kama baki,
Suka ɗauko Mahamat ɗan Deby, mai shekara 37, suka ba shi mulki.
Shin ƙasa ma gado ce, kamar gona da garken awaki?

Baba Mai Goro:
Ɗana, sannu da waƙa, amma ka dubi arewa,
'Yan tawayen FACT daga Libiya suna ta tahowa,
Boko Haram a bakin Tafki ba su daina kashewa.
In gobara ta kama, mai guga ake nemowa.
Wata 18 suka ɗiba, suka ce zaɓe na zuwa.

Inna Zahra'u:
Baba, a gafarce ni, ina wancan alkawari?
Wa'adi ya cika, aka ƙara shekara 2 a tsari.
Ran 20 ga Oktoban 2022 matasa suka cika gari,
Injamena da Mundu, harsashi ya kai su kabari.
Gwamnati ta ƙirga 50, uwaye sun san sauran asiri.
Wasu aka kwashe su Koro Toro, kurkuku a tsakar sarari.
Ni uwa ce, wannan rana ba ta bar ni da haƙuri.

Ɗan Kanem:
Inna, Allah ya saka, kin faɗi gaskiya.
Ko cikin gidan ma ba a kwana lafiya,
Ɗan adawa Yaya Dillo ɗan'uwa ne, jininsu ɗaya,
Fabrairun 2024 soja suka kashe shi a ofishin jam'iyya.
Mayu aka yi zaɓe, Mahamat ya kwashe kashi 61.
Manya na tsoron baƙo ya hau, ya tambayi dukiya,
Shi ya sa suka riƙe ɗan gida, ya rufa musu baya.

Baba Mai Goro:
Na ji ku 'ya'yana, zancen Dillo ya yi mini ɗaci.
Ya tuna mini Togo, 2005, da Faure ya gaji shugabanci,
Eyadema ya cika, soja suka ɗora ɗansa ba jinkiri, ba mutunci.
Ina fatauci a Kwatano lokacin, na ga masu gudu daga Lome cikin ƙunci,
Mata da goyo, tabarma a ka, suna neman wurin barci.