Nahawun Turanci a ajin GST mai ɗalibai 300: wace hanya ce ke aiki?

Malama_GST:
Assalamu alaikum malamai. Ajin GST 111 ne, kwas ɗin Turanci na gama-gari a jami'a, 'yan aji ɗaya sama da 300, awa biyu a mako. Duk sun ci Turanci a WAEC ko NECO. Ka tambaye su ƙa'idar *present perfect* su karanto maka ita kamar hadda, amma a rubutu sai ka ga "I have seen him yesterday". Wace hanya ce ke gyara wannan? Kuma wace manhaja ce za ta yi aiki da wayar ɗalibi mai ƙarancin data, a ɗakin da babu majigi?

Abu_Nahawu:
Wa alaikumus salam Malama. A fara da rage kaya. Zango ɗaya ba zai ɗauki nahawun Turanci gaba ɗaya ba, kuma kurakuran ɗalibi Bahaushe ba barkatai suke zuwa ba, yawancinsu daga Hausar da ke kansa suke fitowa. Ki zaɓi huɗu ko biyar, kowane ya samu mako biyu.

Misalin da kika kawo shi ne babba. Bahaushe yana cewa "na gan shi" ya kuma ce "na gan shi jiya" da siga ɗaya, domin abin da Hausa ta fi lura da shi shi ne aiki ya kammala ko bai kammala ba. Turanci kuwa ya raba wurin biyu, da zarar an ambaci lokacin da ya wuce sai "saw". Haka "I am having two brothers" da "I am hearing you": "ina da" da "ina ji" ne ɗalibi ya juya, tunda ya saba "ina" tana tafiya da *-ing*. Sai "My father he is a trader", saboda a Hausa dole wakilin suna ya biyo bayan suna, "Musa ya zo". Na huɗu "I bought car". Wannan yana da sauƙin kamawa idan aka bi ta Hausa: "Na ga wani yaro. Yaron yana kuka." Ga *a* ga *the* nan. Matsalar tana wurin da Hausa ba ta sa komai, kamar "na sayi mota", shi kuwa Turanci ba ya barin suna tilo mai ƙirguwa tsirara.

Cikin aji kuma, kar ƙa'ida ta zo farko. Ki rubuta sakin layi mai jimla biyar ko shida, kalmomi 80 zuwa 100, wanda sigar da ake koyo ta fito a cikinsa aƙalla sau biyar. Ki karanta sau biyu da saurin magana ta yau da kullum. Karon farko saurare kawai, na biyu su tsinci kalmomi. Sannan hurhuɗu su sake gina sakin layin cikin minti goma, a fito da rukuni biyu su rubuta a allo, a gwada da na asali. A wurin gardamar "saw" ce ko "have seen" ake koyon. Abu biyu ke ɓata shi: idan kika karanta a hankali ya koma shifta, babu mai tunani, idan rukuni ya wuce mutum huɗu, ɗaya ke rubutu saura suna hira.

Injiniyan_Moodle:
Ta ɓangaren na'ura, Malama, abin da za ta yi miki biyu ne: kawo misalai da yawa, da duba amsa nan take.

Misalai: SKELL, shafin da ke tsamo jimlolin Turanci na gaske daga tarin rubuce-rubuce, kyauta ce, ba rajista, tana buɗewa a burauzar waya, ta ba da jimloli har 40 a kan kalma ɗaya. COCA, rumbun Turancin Amurka, tana da kalmomi sama da biliyan ɗaya, amma sai an yi rajista kuma akwai iyakar bincike a rana, don haka ta malami ce. Kar a tura 'yan aji ɗaya su yi bincike da kansu tun farko, jimlolin sukan yi musu nauyi su watsar. Ki tsamo 12 masu sauƙi, shida da "since" shida da "ago", ki buga a shafi guda, su gano bambancin da kansu. Hanyar da Tim Johns ya yaɗa ce daga Jami'ar Birmingham.

Gwaji: Google Forms, a kunna tsarin kwiz, tambaya 10 a mako, kuma a cike gurbin bayani na amsar da ba daidai ba. In babu bayanin, maki kawai ɗalibi zai gani. A kunna gauraya tambayoyi, don amsa takan zaga WhatsApp kafin awa ɗaya. Idan jami'a na da Moodle, dandalin karatu ta intanet, manhajarsa ta waya tana barin a yi kwiz ba tare da intanet ba, da sharaɗin kar a sa masa iyakar lokaci. Plickers kuwa, wanda ɗalibai ke ɗaga katin amsa malami ya karanta da kyamarar waya, katunansa 63 ne kacal, sai ajin tutoriyal.

Dakta_Larai:
Ina tare da Malam Abu, sai dai zaɓi-amsa na Google Forms gane daidai kawai yake aunawa, wanda ɗalibanki sun riga sun iya tun JAMB. Dole su yi rubutu. Tun 1996 John Truscott ya ce gyaran nahawu a rubutun ɗalibi ba ya amfani, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, kuma abin da ya fi samun goyon baya daga baya shi ne gyara mai iyaka. Wato jimla takwas kowane ɗalibi, ki duba kuskure iri ɗaya tak, ki ja layi ki sa alama, shi ya gyara ya dawo da shi. Jan biro ko'ina a takarda ba ya koyar da kowa.

Grammarly da ChatGPT kuma suna miƙa gyararriyar jimla, ɗalibi ya danna ya wuce. A wajabta masa ya kawo rubutunsa na farko, da gyaran, da dalilin kowane gyara a layi ɗaya.

Malama_GST:
Na gode ƙwarai. Amma Dakta, takarda 300 duk mako?

Dakta_Larai:
A'a. Ki raba su gida biyar, ki karɓi 60 a mako, saura su yi musaya su duba wa juna da alamomin nan. Takarda mai jimla takwas da kuskure ɗaya ake nema ba ta wuce minti ɗaya da rabi, 60 ɗin awa ɗaya da rabi ke nan. Idan wasu sun turo nasu a buge, ki adana su a fayil ɗin .txt ki zuba a AntConc, manhajar kwamfuta mai binciken kalmomi a cikin rubutu, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet. Ki nemi "am having" ko "informations", za ta jero miki duk inda suka fito, ki cire sunaye, ki yi darasin mako mai zuwa da jimlolinsu.